BA A BA KURA AJIYAR NAMA

'Yan uwa matasan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa! A watan Agustan 2024 an ga samari a Kano suna yawo da tutar Rasha, wai ita za ta cece mu daga Turawan Yamma. To, kafin wani ya sake kai wa tela ɗinkin tuta, ya tsaya ya ji tarihi.

Iyakar da ke arewa da Babura, Ingila da Faransa suka shata ta, alhali ba sa ga maciji da juna, har saura ƙiris su gwabza a Fashoda a 1898. Amma da Malam Ɗan Makaho ya tsere wa Faransawa daga ƙasar Dosso ya shiga Satiru, kudu da Sakkwato, ya faɗa hannun aminai ne? Ina! Mutanen Satiru suka kashe Turawa 3, sai ran 10 ga Maris 1906 sojan Ingila da mahayan Sakkwato suka rushe garin. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashi mata da yara, shi kuma aka kama shi aka kashe a kasuwar Sakkwato. Abin da Faransa ta fara, kishiyarta ta ƙarasa mata.

Kar wani ya ce halin Turawan Yamma ne kaɗai. Hitila na Jamus da Sitalin na Tarayyar Sobiyet ba su taɓa ƙaunar juna ba, amma a watan Agustan 1939 suka ƙulla raba ƙasar Polan. Jamus ta afka mata ran 1 ga Satumba, Sobiyet ta biyo baya ran 17. A 1940 Sitalin ya sa aka harbe fursunoni kusan 22,000, hafsoshin soja da 'yan sanda da masu ilimi, a dajin Katin da wasu wurare. Da Jamusawa suka tono kaburburan a 1943, ba tausayi ya sa su shela ba, farfagandar yaƙi ce. Mosko ta ɗora musu laifin, ba ta amsa ba sai 1990.

Saboda haka 'yan uwa, in manyan ƙasashe suna faɗa, a kan rabon nama suke yi, ba a kan ran akuya ba. Wanda ya ɗauki tutar ɗayansu ya sauya mahauci ne kawai. Mu nemi ilimi, mu san tarihinmu, mu tsaya da ƙafarmu. Allah Ya ganar da mu.