Kamiyo ya mutu a hanyar Jiratawa

Ranin bana ƙungiyarmu ta ɗauki hayar kamiyo ya kwaso mana tumatir daga lambunan Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi. Ko rabin hanya ba mu yi ba, ƙarfen da ke juya ƙafar baya ya karye. Makanikin ƙauye ya kwance shi, ya ce iyakar iyawarsa ke nan, sai mai injin fere ƙarfe, wanda zai gyara shi daidai awo. Injin nan kuwa lantarki yake ci, sai birni.

Aka ɗora ƙarfen bisa babur. Can kuma aka tarar an ɗauke wuta. Kwana biyu cur! Tumatir ya narke cikin kwanduna, kuɗin kuma bashin asusu ne, har yau muna biya.

Ku na Tibiri da ke shirin haya, kafin ku ba da kuɗin mai ku tambayi direba: wa ke maka aikin ƙarfe a Maraɗi? Yana da injin wuta nasa? In kaya ya lalace, asarar ta wa ce? Ku rubuta amsarsa a littafin ƙungiya, ya sa hannu gaban shaidu biyu.