Yadda Mario Kart Ke Raba Sa'a, da Abin da Shagunan Gem na Jos Za Su Ɗauka

A 1990 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da F-Zero, wasan tseren motoci mai tsananin gudu, amma mutum ɗaya kawai ke iya buga shi. Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa, Hideki Konno da Tadashi Sugiyama, suka so a samu tseren da mutum biyu za su buga a talabijin ɗaya. Na'urar lokacin ba ta da ƙarfin nuna irin wancan gudun idan aka raba allo gida biyu, sai suka koma ga ƙananan motoci da gajerun hanyoyi masu yawan kwana. Haka aka samu Super Mario Kart a 1992. To, da zarar mutum biyu sun zauna, dole ɗaya ya fi ɗaya iyawa. Idan wa ne da ƙane, ko uba da ɗiya, yaya za a yi na bayan bai yi zuciya ya tashi ba?

Dabarar da suka yi ta gyarawa shekara da shekaru ita ce akwatunan da ke kan hanya. Ka bi ta kansu, sai a ba ka wani abu da ba ka san mene ne ba. Sai dai rabon ba kara-zube ba ne. Na gaba yawanci ɓawon ayaba yake samu ko koren ƙoƙon kunkuru, abin da zai kare bayansa kawai. Na can baya shi ake ba tauraron da ke ƙara gudu ya hana komai taɓa shi, ko walƙiyar da ke ƙanƙantar da sauran motoci. A Mario Kart 64 na 1996 aka kawo shuɗin ƙoƙo, wanda ke bin na ɗaya har sai ya same shi. Sa'a ce, amma an karkata ta da gangan wajen mai buƙata.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kashe gwaninta ba. Wanda ya san yadda ake shan kwana da zamiya don samun ƙarin gudu, ya san yanke, ya san lokacin riƙe ɓawon ayaba da lokacin sakinsa, shi zai fi yawan lashe kofi, domin makin tsere huɗu ake haɗawa. Sa'a na iya kayar da shi sau ɗaya, da wuya ta kayar da shi sau huɗu. Su ma gwanayen an saurari kukansu: Mario Kart 8 na 2014 ya zo da ƙahon da ke tarwatsa shuɗin ƙoƙon, idan mutum ya adana shi. Tsarin yana da kafa, domin wasu kan ja baya da gangan don su kwashi manyan kaya. Tallafi idan ya yi yawa, masu wayo ke cinye shi. Duk da haka, Mario Kart 8 Deluxe na 2017, wanda har ya ƙara tsarin da ke hana ƙaramin yaro faɗawa gefen hanya, an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 60.

Yanzu mu leƙa shagunan gem na Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Gangare da Bukuru. Ƙwallo aka fi bugawa a PlayStation, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya. A duba inda wannan ke kaiwa. Gwani yana wuni yana ƙara gogewa kyauta, ɗan koyo kuwa kuɗinsa ne ke ƙarewa a minti goma, ya koma tsaye yana kallo ta kafaɗar wasu. A gida ma kusan haka ne. Dara ta manya ce, yaro sai kallo. Ludo da Whot kowa na shiga, amma ƙwallon ludo ba ruwansa da wanda aka bari a baya. Mai gaba ma shida yake ta samu.

Ba wai tunanin tallafa wa na baya baƙo ne gare mu ba. Masu zuwa kallon folo, wato ƙwallon dawaki, a Jos, ko Kaduna da Katsina, sun san kowane ɗan wasa yana da maki gwargwadon iyawarsa, daga ƙasa da sifiri har zuwa 10. A gasar da ake bin wannan lissafi, ana haɗa makin mutum huɗu na kowane ɓangare, a ba masu ƙarancin maki ƙwallaye tun kafin a hau doki. Masu golf a Rayfield ma suna da irin nasu. Babu gwanin da ke ganin an rage masa daraja, domin kowa ya san ƙa'idar tun farko.

Mai shago zai iya yin haka ba tare da ya sayi komai ba. Wanda ya ci sau uku a jere ya tashi ya bi layi. Wanda aka ci shi zai fara zaɓen ƙungiya, gwani ya ɗauki mai rauni. A ware safiyar Asabar ga 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, a raba kuɗin wasa biyu maimakon a ɗora wa wanda ya faɗi. Gasar gwanaye kuwa a bar ta yadda take, ba sassauci, a kuma haɗa makin wasanni da yawa. Lissafin kasuwa ma yana goyon bayan haka, domin yaron da ya taɓa cin yayansa ko sau ɗaya zai dawo da kuɗinsa gobe, kuma a shago masu koyo sun fi gwanaye yawa.