Zagayen Hutu: Me Muka Gani a Gawon Nama?

An gama jarrabawar zangon farko, an ba da hutu, ga hunturu ya fara shigowa. To, da me za mu koma aji? Kullum aka ce mu rubuta insha'i a kan unguwarmu sai mu yi ta cizon biro, alhali nan aka haife mu. Shi ya sa a wannan mako muka ajiye waya, muka ɗauki littafi, muka zaga Gawon Nama da ƙafa.

Da sassafe muka fita. Hazo ya rufe gari, rana ta yi fari fat kamar faranti. Wannan ƙurar iska ce ke kwaso ta daga hamadar Sahara, ta arewa maso gabas. Mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko, 'yan kabu-kabu sun naɗe fuska da rawani. Kayan kaka sun cika bakin titi: rake, gyaɗa da dankali.

Muka bi titin Garba Nadama har ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda masu jinya ke ta shiga da kwanukan abinci. Nan muka tambayi juna: wane ne Garba Nadama? Kowa ya yi shiru. Sai wani dattijo ya gaya mana cewa gwamnan Jihar Sakkwato ne daga 1981 zuwa 1983, bayan rasuwar Shehu Kangiwa. Shekara nawa muna bin titin nan ba mu taɓa tambaya ba!

Sunan unguwar ma ya tuna mana da itacen gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore shar. Gero yana yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su ci 'ya'yansa. Yanzu ne lokacin ganinsa da ganye, ku duba ko akwai shi kusa da ku.

Ga aikinku: ku nemi izinin iyaye, ku fita ku biyu ko uku, ku kula da tsallaka titi, ku dawo kafin magariba. Ku rubuta abu biyar da kuka gani, da tambaya ɗaya da kuka yi wa wani babba. Ku aiko mana, za mu buga waɗanda suka fi kyau. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa.