Wanda Ya Buga Zane, Shi Zai Wanke Rariya

Duk makarantar da ke da ɗakin zane, da wuya a rasa rariyar buga zane guda biyu ko uku a cikinsa. Da ita ake buga rigunan gasar wasanni ta gida-gida, da bajon makaranta, da tutocin ƙungiyoyi, har da katunan gayyata na ranar ba da kyaututtuka. Amma je ka duba ta bayan an gama hidima. Sau da yawa sai ka tarar da ita jingine a bayan ƙofa, fenti ya bushe a jikinta ƙamas, ta koma kamar ƙiraga. Baɗi kuma a sake tafiya wurin shugaban makaranta neman kuɗin sabuwa. Ni a ganina wannan ɓarna ce tsantsa, kuma maganinta bai wuce doka ɗaya ba: wanda ya buga, shi zai wanke, nan take.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan'uwa waɗanda ba sa ɗaukar darasin zane. Abin da nake kira rariya, firam ne na katako ko na alminiyom, an ja wani yadi mai ƙananan ramuka an ɗaure a kansa tamau kamar fatar ganga. Sai a toshe ramukan yadin duka, a bar siffar abin da ake so ya fito kaɗai. Wannan siffar ita ce sitansil. A ɗora rariya bisa riga, a zuba fenti a gefe ɗaya, a ja shi da faffaɗar roba, fentin ya ratsa ramukan da aka bari ya zauna a jikin riga. A ɗaga, a sa wata rigar, a sake ja. Zane ɗaya, riguna ɗari, kowace kamar 'yar'uwarta. A da, da siliki ake yin yadin, shi ya sa Turawa har yanzu suke kiran aikin da sunan siliki, amma yau kusan duka na foliyesta ne, don ya fi ƙarko. Masana suna danganta asalin dabarar da ƙasar Sin, zamanin daular Song, wato tsakanin shekarar 960 da 1279, kuma a 1907 ne wani mutumin Manchesta ta Ingila, Samuel Simon, ya yi rajistar irin tasa.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga masu girmama sitansil. Masu adire na Abeokuta suna huda zane a jikin falanƙin kwano, su shafa ƙullun rogo ta cikin hudojin, sannan a tsoma yadin a baba. Kwanon nan ba a yar da shi bayan zane ɗaya. Jari ne, ana wanke shi, ana adana shi, ana ta cin abinci da shi. To, me ya sa mu za mu ɗauki tamu rariyar kamar takardar ƙunshin ƙosai?

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne ƙanƙantar ramukan nan. Yadin da aka saba buga riguna da shi yana da zare 43 a kowace santimita. In ka yi lissafi, 43 sau 43, ramuka fiye da 1,800 ke nan a fili wanda bai kai farcen babban yatsa ba. Fentin da makarantu suka fi saye kuwa mai tafiya da ruwa ne, muddin yana ɗanye ruwa kaɗai ya isa ya fitar da shi, amma da zarar ya bushe sai ya zama kamar roba, ruwa ba ya ƙara narkar da shi. Ga shi mu a ƙasarmu, musamman da hunturu, iska ba ta da laima ko kaɗan, kafin a je cin abinci a dawo aikin gama ya gama. Ramin da ya toshe ba zai ba da fenti ba, sai ka ga harafi ya fito da giɓi, kan zaki ya fito ba ido. Masu shagunan buga riguna suna da wani fenti da ba ya bushewa sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 160, amma wannan sai da na'ura, ba kayan ɗakin zanenmu ba ne.

Wankin kansa ba wani aiki ba ne. A kwashe ragowar fenti da guntun kwali a mayar cikin gwangwani, don shi ma kuɗi ne. A ɓare tef ɗin da aka manna a gefe, a kwarara ruwan sanyi, a goge ciki da baya da soso mai laushi. Sannan a ɗaga rariyar sama a duba ta ga haske. Inda haske bai wuce ba, fenti ma ba zai wuce ba, sai a koma. Ban da ruwan zafi, ban da soson ƙarfe, ban da ƙwaƙula da reza ko ƙusa, domin yadin a ɗame yake, ƙaramar yanka sai ta tsage har ƙarshe. Idan fentin mai ne, kananzir ke fitar da shi. Idan kuwa ƙararrawa ta buga ana tsakiyar aiki, a lulluɓe zanen da fenti mai kauri ko a rufa masa jiƙaƙƙen tsumma kafin a fita. Akwai kuma masu ganin dabara ce su jefa rariya a baho ta kwana cikin ruwa. Katako ya sha ruwa ya karkace, yadi ya saki, gobe zane ya fito a jirkice.

Akwai wani sabon nau'in sitansil da ya shigo, falle ne mai danƙo a baya, babu firam, ana manna shi a kan riga ko katako ko kofi. Shi ma hukuncinsa ɗaya: a wanke da ruwan sanyi tun fenti bai bushe ba, a shanya shi gefen danƙon yana kallon sama, in ya bushe a mayar da shi kan takardarsa ta gefen mai santsi. Wanda ya kife shi a kan tebur, ƙura da zare su cika danƙon, ya daina kamawa.

Wata hasarar kuma tun daga wurin tsara zane take farawa. Bajon makaranta ba ya canzawa, sunayen gidaje ba sa canzawa, shekara ce kawai ke canzawa. Amma sai a haɗa bajo da shekara a sitansil ɗaya, baɗi ya zama ba shi da amfani. Da an ware shekarar a ƙaramar rariya daban, da babbar ta yi ta aiki har mu gama makaranta, ƙannenmu su gada. In kuma lallai sai an sake zane, akwai ruwan magani da ke narkar da abin toshe ramukan a sami yadi fes. Sai dai kada a bar maganin ya bushe a jiki, don in ya bushe sai ya ƙara ƙanƙame abin da aka so cirewa.

Na san abin da wasu za su ce. Wani ya ce ai kayan makaranta ne, ba na uban kowa ba. To, kuɗin iyayenmu ne, ko na ƙungiyar da muka tara da kwabo-kwabo. Wani ya ce babu ruwa a ɗakin zane. Gaskiya ne, famfo yakan ɗauke, amma wanda ya iya ɗauko riguna hamsin daga ɗakin kwana, bokiti biyu ba za su gagare shi ba, a ɗebo tun kafin a buɗe gwangwanin fenti. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne manyan aji da ke gama bugu su kwashe riguna, su ce wa yaran aji ɗaya su wanke. Yaron da ba a taɓa nuna masa ba, yana tsoron duka, me zai hana shi ɗauko soson ƙarfe? In ta tsage kuma a ce shi ne.

Ban kuma goyi bayan malaman da ke maganin abin da kulle rariya a sito ba. A can ma gara tana cin katako, ɓera yana huda yadi, mu kuma mu fita ba mu iya sana'ar da wasu ke riƙe gida da ita ba. Abin da nake roƙon Malam ya yi shi ne ya ajiye littafi a ɗakin zane, duk wanda ya ɗauki rariya ya sa hannu, kuma kada a ba da makin aiki sai an kawo ta Malam ya ɗaga ta ga haske ya gani. Bayan haka a rubuta sunan zanen a gefen firam, a jera su tsaye a kan kanta, nesa da rana da ƙasa, a lulluɓe su da tsohon zanen gado saboda ƙura.