Sharhi: Gidajen Hutu A Tsaunukan Wales, Tsakanin Kuɗin Baƙi Da Matsugunin 'Yan Gari

A arewa maso yammacin Wales, ɗaya daga cikin yankuna huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya, akwai gandun shaƙatawa na Eryri, wanda aka fi sani da Snowdonia, da aka keɓe tun 1951. A nan dutsen Yr Wyddfa yake, mai tsawon mita 1,085, wanda mutum fiye da rabin miliyan ke hawa a ƙafa kowace shekara. Iyalai da dama da ke zuwa yawon duwatsu sun fi son kama hayar ɗan ƙaramin gida a ƙauye na mako guda, su girka abincinsu, su yi sammakon fita da 'ya'yansu, su dawo da yamma. Waɗannan gidaje ne a yau suka zama tushen taƙaddama tsakanin gwamnati, manoma da matasan yankin.

Ga makiyayin tumakin da ke zaune a kan tudu, inda ƙasa ba ta karɓar shuka sosai, gyara tsohon ɗakin ajiya a mayar da shi masaukin baƙi hanya ce ta rufin asiri. Kuɗin hayar ne ke cike giɓin da kiwo ya bari, kuma mai kanti da mai sayar da abinci a ƙauye suna samun rabonsu. Sai dai masu hannu da shuni daga birane su ma sun shigo, suna sayen gidajen zama domin hutunsu ko domin haya ta intanet, lamarin da ya ƙaru a lokacin annobar korona. Farashi ya tashi har ya fi ƙarfin ɗan gari mai ƙaramin albashi. Idan matasa suka yi ƙaura, makarantar ƙauye ta rasa ɗalibai, gidaje kuma su kwana a kulle duk tsawon hunturu.

A Wales batun ya shafi harshe. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu jin harshen Welsh sun ragu zuwa 538,300, wato kashi 17.8 cikin 100, daga kimanin 562,000 a 2011, alhali gwamnati na da burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050. A gundumar Gwynedd, inda mafi yawan gandun Eryri yake, kusan kashi 64 cikin 100 ne ke jin harshen. Duk iyalin da ya bar irin wannan ƙauye ya tafi da harshen da ake magana da shi a kasuwa da filin wasa. Wannan ƙorafi ya daɗe, domin daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 an cinna wa gidajen hutu sama da 200 wuta, a hare-haren da aka danganta da ƙungiyar Meibion Glyndŵr.

Gwamnatin Wales ta zaɓi haraji a matsayin magani. Daga Afrilun 2023 ƙananan hukumomi sun sami ikon ƙara har kashi 300 cikin 100 a kan harajin gidan da mai shi ba ya zama a ciki, kuma Gwynedd ta sanya kashi 150. An kuma toshe wata kafa. A da, wanda ya bayar da hayar gidansa kwana 70 kacal a shekara yana iya yi masa rajista a matsayin wurin kasuwanci, ya sami rangwamen ƙananan sana'o'i, sau da yawa ma bai biya ko sisi ba. Yanzu dole gidan ya kasance a buɗe ga masu haya kwana 252, kuma a zauna cikinsa kwana 182 a shekara.

A nan gizo ke saƙa. Gidan da ke bakin teku ko gindin sanannen dutse zai iya cika kwana 182, amma na manomin da ke can cikin lungu, inda baƙi ke zuwa lokacin hutun makaranta kawai, da wuya ya kai. Dokar da aka yi domin attajirin birni sai ta faɗa kan ɗan garin da ake son karewa. An keɓe gine-ginen da izinin gininsu ya taƙaita su ga masaukin baƙi daga ƙarin harajin, amma masu sana'ar na cewa hakan bai wadatar ba. Ƙari a kan haka, gwamnatin Birtaniya ta soke rangwamen harajin da masu gidajen hutu ke samu daga Afrilun 2025, sannan a Yulin shekarar majalisar dokokin Wales ta amince da dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar har fam 1.30 daga baƙo a kowane dare, daga 2027.

Hukumomin ma suna ta auna nauyin matakin. Gundumar Pembrokeshire ta sanya ƙarin kashi 200 a 2024, bayan shekara guda ta sauko zuwa 150. Haraji na iya tilasta wa mai gida ya sayar, amma ba ya sa kuɗin saye a aljihun matashin ƙauye, kuma ba ya gina sabon gida ko ɗaya sai an zuba abin da aka tara a wannan aiki. Saboda haka ma'aunin nasarar manufar shi ne yawan gidajen da suka koma hannun mazauna na dindindin, da yawan yaran da ke shiga makarantun ƙauyukan Gwynedd a shekaru masu zuwa. Kafin nan, babban aikin da ke gaban mahukunta shi ne rarrabe ɗakin ajiyar da manomi ya gyara, wanda bai taɓa zama gidan kowa ba, da gidan iyali da aka cire daga hannun 'yan gari.