Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wani al'amari wanda ya game gari, amma ba mai son a ambace shi da sunansa. Watau zancen tura fim da waƙa da littafi daga waya zuwa waya, ba tare da mai abin ya sami ko anini ba. Masu doka suna kiransa satar fasaha. Mu kuwa nan Mubi ba mu raɗa masa suna ba, sai dai ka ji an ce, "Don Allah tura mini."

Kowa ya san rumfunan masu tura fim a kasuwa da bakin tasha. Yaro ne da kwamfuta ɗaya da 'yan igiyoyi, ka miƙa masa waya ko katin memori, ka ba shi 'yan canji, ya cika maka da fina-finan Kano da waƙoƙi da fassarar Indiya. Ba kuwa mutanen gari kaɗai ke zuwa ba. Masu cin kasuwar shanu suna zuwa, mutanen ƙauye suna zuwa, haka fataken da ke ƙetarowa daga Kamaru. Saboda haka fim ɗin da aka sha wuya aka yi a Kano ba ya daɗewa sai ka ji labarinsa a Garwa da Marwa, alhali wanda ya yi shi bai san an kai ba, balle ya sa rai da kuɗi.

Kafin a yanke wa yaron nan hukunci, ya kamata a san yadda aka yi aka zo nan.

A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta soma kafuwa. Cibiyar cinikin kuwa ita ce kasuwar Ƙofar Wambai. Abin mamaki, 'yan kasuwar da suka ɗauki nauyin rarraba fina-finan nan, da ma can sana'ar yawancinsu ita ce kwafar fina-finan Indiya da na Amurka, ba da izinin kowa ba. Injunan kwafa suna nan, dillalai suna nan tun daga Kano har Maraɗi da Yola, sai fim ɗin Hausa ya zo ya tarad da hanya a share, ya bi.

To, yaya mai fim ya ke samun haƙƙinsa a hannun mutanen da kwafa ce sana'arsu? A nan ne aka yi wata dabara wadda har yanzu ta ke ba ni sha'awa. Mai fim ya kan buga kwalin da a ke sa kaset ciki, da hotunan 'yan wasa da sunan fim, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su ke kwafa, amma kowane kaset sai a cikin kwalinsa za a sayar, kuɗin kwali kuwa na mai fim ne. Watau kwali shi ne shaida, shi ne kuma ƙidaya. In ya buga dubu goma aka sayar, ya san abin da zai shiga aljihunsa. Ba na cewa ba a yi ha'inci ba, an yi, har da buga kwalin jabu. Amma dai akwai abin da a ke riƙewa a hannu a ƙirga.

Daga kaset aka koma faifan sidi, aka ci gaba da lallaɓawa. Sa'an nan sai wayar hannu mai nuna hoto ta cika ƙasa, fim ya zama abin da ba shi da jiki. Ba kwali, ba faifai, ba abin ƙirgawa. Mutum ɗaya ya saya, dubu su gani. Shagunan faifai suka yi ta rufewa, masu zuba jari suka janye jiki, 'yan wasa da yawa suka shiga wani hali. Yaron da ke rumfa bai rushe gidan nan shi kaɗai ba. Bango ne ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Da masu fim suka ga haka, sai suka nemi mafaka. Waɗansu suka nufi tashar Arewa24 wadda ta soma aiki a 2014, ita ce mai Daɗin Kowa. Da yawa kuma suka koma YouTube, suka buɗe tashoshinsu, suka shiga yin fim mai dogon zango, kamar Izzar So da Labarina waɗanda suka fito a 2020. A nan mai kallo ba ya biyan mai fim. Kuɗin data kawai ya ke biya, shi ma kamfanin waya ke karɓa. Masu talla su ke biyan YouTube, shi kuma ya ba mai fim kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, ya riƙe 45.

Wani zai ce, to ai an tsira ke nan. Ni dai ina ganin an yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago, ko da ya ke zagon nan mai ladabi ne, yana kuma biya a kan lokaci. Ku duba. Dā in mai fim bai ji daɗin wannan dillali ba, ya kan matsa rumfa ta gaba, su yi ciniki ido da ido, in an saɓa akwai shugaban kasuwa. Yanzu fa? Ba shi ke yanka farashin talla ba, ba a kuma shawarce shi ba sa'ad da aka raba kashin. Tallar da a ke nuna wa mai kallo a Mubi ba ta kai ta mai kallo a Landan tsada ba, domin masu talla aljihun mutum su ke dubawa. In kamfanin ya sauya ƙa'ida da dare, da safe sai dai ya bi. In an rufe masa tasha, takarda zai rubuta da Turanci ya aika inda bai taɓa zuwa ba, ya zauna jira. Har siffar labarin ma ta sauya. Abin da dā za a gama cikin sa'o'i biyu, yanzu sai a yi ta jansa mako-mako, domin yawan kallo shi ne yawan talla.

Kada kuma a ɗauka manyan kamfanonin nan waliyyai ne a wajen kayan mutane. An kafa YouTube a 2005, Google ya saye shi a 2006 a kan dala miliyan 1,650. A 2007 kamfanin Viacom ya kai su ƙara yana neman dala miliyan dubu, a kan an cika dandalin da shirye-shiryensa ba izini. Aka yi ta shari'a har 2014, sa'an nan suka sasanta tsakaninsu. A cikin wannan rigima ne aka fito da na'urar da ke gane fim ko waƙar da aka ɗora ba izini, amma an fi buɗe ta ga manyan kamfanoni masu tarin kaya. A watan Agusta na 2024 kuma wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukunci cewa Google ya karya doka wajen kankane kasuwar bincike a intanet.

Sabon yayi kuwa shi ne na injunan ƙirƙirarriyar basira, waɗanda a ke ɗura wa littattafai da jaridu don su koyi rubutu. A watan Disamba na 2023 jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a kan rubuce-rubucenta. A 2025 kamfanin Anthropic ya yarda zai biya marubuta dala miliyan 1,500, saboda littattafan da ya kwaso daga rumbunan satar fasaha. Kuɗi ke nan masu yawa, amma ku lura da waɗanda rabon ya shafa: masu littattafan da aka yi wa rajista a Amurka. Marubuciyar Kano wadda littafinta ke yawo a WhatsApp ba ta cikin lissafi. Abin da na fahimta shi ne, haƙƙin mallaka ya kan yi ƙarfi in mai shi yana da lauya da ƙungiya. In ba shi da su, sai ya zama kura, wani kuwa gardi.

Dokarmu ta gida ba ta da laifi a takarda. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Ta ce littafi da waƙa na mai su ne muddin ransa, sa'an nan na magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim kuwa shekara 50 ne daga fitowarsa. Ta kuma ba mai abu ikon ya sa a sauke kayansa daga intanet in an ɗora ba izini, ta yi rangwame ga makafi da ɗakunan karatu da masu ɗaukar ɗan yanki don koyarwa ko bincike. Amma doka ba ta da ƙafa. Ma'aikata nawa za a ɗauka su tsare kowace rumfa daga Kano zuwa Mubi? In ma an kama yaro an ƙwace kwamfutarsa, gobe ƙaninsa zai buɗe a lungu, mai fim kuwa bai ƙaru da komai ba.

Shawarata ita ce a mai da yaron nan dillali. Shi ya san mai saye, shi ke kaiwa inda data ke tsada ko sabis ba ya kai, shi ke jin Hausa da Fulatanci da Faransancin fatake. Wane kamfanin waje ke da irin wannan hannu a ƙasa? Ƙungiyoyin masu shirya fim su zauna da ƙungiyoyin masu turawa gari-gari, a yanka abin da kowace rumfa za ta biya a wata, ko a kan kowane sabon fim, a ba ta shaida ta liƙa a ƙofa, a riƙa aiko mata da fim mai kyawun hoto ranar da ya fito. Watau a sake ƙirƙiro kwali ta wata siffa. Na san waɗansu za su zame, na kuma san ba a hana aboki tura wa aboki. Amma ko rabin rumfunan suka shiga, mai fim ya sami ƙofa ta biyu, wanda ke da ƙofa biyu kuwa ba a yi masa farashin ganin dama. Su ma masu fim sai su gyara nasu zama, domin wanda ya ɗauki labarin Indiya da karin waƙarta bai tambayi kowa ba, muryarsa ba ta da ƙarfi in ya yi kukan sata.

Yanzu bari in dawo cikin gida, gama laifi tudu ne. Littafi nawa ne ke yawo a wayoyin ɗaliban kwalejin nan, an ɗauki hotonsa shafi-shafi tun daga bango har bango? Nawa aka kai wa mai fotokwafi aka yanke shafin da sunan marubuci ya ke? Na san hujjojin da a ke kawowa, ba kuwa na banza ba ne. Littafi ya yi tsada, wani ma ko da kuɗinka ba ka samunsa sai ka je Yola ko Maiduguri. Mutanen garin da aka watse a ƙarshen 2014 aka bar komai a baya sun san darajar littafin da ke cikin aljihu. Wani kuma ya ce, ai ilimi ba a ɓoye shi, malamanmu na dā ma kwafar littattafai su ke yi.

Gaskiya ne, suna kwafa. Amma da tawada da alƙalami su ke yi, mutum ya shafe makonni a kan littafi guda, in ya gama ya rubuta sunan mawallafi, ya yi masa addu'a. Mawallafin kuma bai ci bashin maɗaba'a ba. Na yau kuwa da kuɗinsa ya biya takarda da bugu, wani sa'i da rancen albashi, yana jiran ya sayar ya biya. Ka ɗauki ɗan yanki don darasi, ka faɗi mai shi, wannan doka ma ta yarda. Ka kwashe littafi duka ka watsa wa mutum ɗari uku a zaure ɗaya na WhatsApp, wannan kam ka hana mutum ɗari uku saye ne.

Abin ya fi shafarmu bisa kowa, domin mu ne malaman gobe, malamai kuwa su ke rubuta littattafan makaranta. Wa zai rubuta littafin koyon karatu da harshen Gude, ko Fali, ko Margi, ko Higi? Kamfanin da ke Amurka ba zai yi ba, kasuwar ta yi masa ƙanƙanta. Wani ne daga cikin masu karanta wannan shafi zai yi, ya buga kwafi ɗari biyar da guminsa. In ranar da ya fito aka ɗauki hotonsa aka raba, na biyu ba zai fito ba.

Don haka ina roƙon hukumar kwaleji abu biyu masu sauƙi. A riƙa sayen kwafi biyar ko goma na kowane littafin da aka wajabta, a ajiye a ɗakin karatu inda marar hali zai samu. Malaman da suka wallafa kuma a zauna da su a yanka farashin ɗalibi, ko na takarda ko na waya, wanda bai fi ƙarfin aljihu ba, a biya ta hannun wakilin aji a farkon zango.