Wasiƙa Zuwa ga Malaman Tiyata a Asibitocin Koyarwa

Koyar da tiyata yana farawa ne a bakin gadon majinyaci, tun kafin ɗalibi ya taka ɗakin fiɗa. Yawancin waɗanda ake yayewa a Shika, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ba ƙwararrun likitocin fiɗa za su zama ba. Da yawansu babban asibitin ƙaramar hukuma za su nufa, inda hoton ciki ma wani lokaci sai an tura mutum birni. A can, kunne da tafin hannu su ne kayan aiki, kuma su ya kamata malami ya fara wasawa.

Ciwon ciki na gaggawa shi ne darasin farko. Kumburin afendis yakan fara ciwo a wajen cibiya, sannan ya gangara ƙasan ciki ta dama, daidai gurbin da Charles McBurney ya bayyana a 1889. Wannan kowane littafi ya kawo shi. Wanda littattafan Turai suke taɓawa sama-sama shi ne hujewar hanji saboda taifot: yaro ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, ana ta saya masa magani a kemis, rana ɗaya ciki ya ƙame kamar katako. Ɗalibi yakan ɗauka gaggawar tana ga wuƙa. Malami ya nuna masa cewa ƙarin ruwa ne a gaba, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da robar hanci mai zuƙe abin da ya taru a ciki, da robar fitsari don a ga ƙoda tana aiki. Yaron da aka kwantar a teburi jikinsa a bushe, maganin barci kaɗai yana iya tafiya da shi.

Ƙaba ana duba ta ne majinyaci yana tsaye yana tari. Ana bambanta ta da gwaiwar ruwa ta hanyar haska tocila, domin haske yana ratsa ruwa. Idan kumburin ya ƙi komawa, ga amai, ga tusa ta ɗauke, hanji ya shaƙe ke nan, ba a kwana da shi. Duk mai toshewar hanji sai an duba matsematsinsa, kuma a nan ne kunya take kayar da ɗalibai. Kunya ba aibi ba ce, sai dai maganinta ladabi ne: a nemi izini, a ja labule, a kira ma'aikaciyar jinya idan mace ce, sannan a duba abin da ya kamata.

Kalmar basir ita ma abin lura ce, domin a bakin jama'a ta haɗa cututtuka barkatai. Dattijon da yake ganin jini a bayan gida, yana ramewa, ba a sallamarsa da magani sai an sa yatsa an duba, saboda sankarar dubura takan fake a bayan wannan suna. Haka ƙullutu a mama: a duba da hannu, a yi hoto, a ɗebi tsoka a kai awo. Maƙoƙo kuwa ana gane shi da hawa da saukarsa yayin haɗiya. A nuna wa ɗalibi kuma yatsun yaron da aka yi wa ɗori aka ɗaure tam, don ya gane kumburi da sanyin gaɓa kafin ta ruɓe.

A ɗakin fiɗa, wanke hannu da ƙidayar ƙyallen tsane jini su ne karatun farko. Jadawalin kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya tanadi tsayawa sau uku: kafin a ba da maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da majinyaci. Idan babban likita yana tsallake shi, ɗalibi ma zai tsallake. Ɗinki a fara koyonsa a kan soso ko fatar da aka samo a mahauta. Tsawa kuwa tana sa ɗalibi ya ɓoye abin da bai gane ba.

Wanda ya shaida aiki shi ya dace ya bi majinyacin a kwanakin baya, ya duba zafin jiki, da bakin ciwo, da motsin hanji. A sa shi kuma ya yi wa majinyaci da danginsa bayanin aikin da harshensu, malami yana tsaye yana saurare, kafin a sa hannu a takardar yarda.